Robert Koch (1843–1910): Likitan da Ya Gano Ƙwayar Tarin Fuka

Gabatarwa

Tarin fuka tsohon ciwo ne. An ga tabonsa a ƙasusuwan mutanen Masar na zamanin Fir'auna, kuma da wuya a sami al'ummar da ba ta da sunan da take kiransa da shi. Amma duk da wannan daɗewa tasa, har zuwa shekarar 1882 ba a tabbatar da abin da ke haddasa shi ba. Yawancin likitocin Turai na wancan zamani sun ɗauka gadonsa ake yi, domin sun ga yakan shiga gida ya ɗauki uba, ya ɗauki ɗa, sa'an nan ya koma kan jika. Waɗansu kuwa suka ɗora laifin a kan yunwa, ko sanyi, ko baƙin ciki. Wanda ya raba wannan gardama wani likitan ƙauye ne Bajamushe, mai suna Robert Koch. A cikin wannan ɗan rubutu za mu bi rayuwarsa daga farko har ƙarshe, mu ga abin da ya gano, mu kuma ga inda ya yi tuntuɓe, domin tuntuɓen nasa ba ƙarami ba ne.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Robert Koch ran 11 ga Disamba, 1843, a Clausthal, wani ƙaramin gari na mahaƙa ma'adinai a cikin duwatsun Harz, a ƙasar Jamus ta yanzu. Mahaifinsa, Hermann Koch, ma'aikacin ma'adinai ne, shi kuwa Robert shi ne na uku cikin 'ya'ya 13. A 1862 ya shiga Jami'ar Göttingen, inda ya yi karatun likita, ya sauke a 1866. Cikin malamansa akwai Jakob Henle, wanda tun a 1840 ya rubuta cewa cututtukan da ake ɗauka daga wani zuwa wani, waɗansu halittu ne masu rai ke kawo su, sai dai ido ba ya ganinsu. Henle bai iya kafa hujja a kan wannan magana ba. Almajirinsa ne ya zo ya kafa ta.

Bayan ya sauke karatu sai ya yi 'yan shekaru yana yawon neman wurin zama, yau yana wannan asibiti, gobe yana wancan ƙauye. Ya auri Emmy Fraatz a 1867, suka sami 'ya ɗaya, Gertrud, a 1868. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Jamusawa da Faransa a 1870, ya tafi ya yi aikin likita a asibitocin soja. A 1872 aka naɗa shi likitan gunduma a Wollstein, garin da yanzu yake cikin ƙasar Polan.

Ciwon saifa

Wollstein ƙasar manoma da makiyaya ce, kuma abin da ya fi damunsu shi ne ciwon saifa, wanda kan kashe tumaki da shanu farat ɗaya, wani lokaci har ya kama masu fiɗa da majema. Abin sha'awa, su ma Jamusawa da sunan saifa suke kiran wannan ciwo, kamar yadda Hausawa ke yi, saboda yadda saifar dabbar ke kumbura ta yi baƙi. Kafin Koch, waɗansu masana kamar Casimir Davaine na Faransa sun riga sun ga waɗansu 'yan sanduna a cikin jinin dabbobin da ciwon ya kashe. Abin da ya gagara shi ne dalilin da ya sa makiyaya ɗaya za ta yi shekaru tana kashe dabbobi, alhali kuwa 'yan sandunan nan ba su daɗewa da rai in sun bar jiki.

Koch ba shi da ɗakin bincike, ba shi da laburare, ba shi da abokin shawara. A cikin gidansa ya keɓe wuri ya ajiye madubin likita, yana aikin a tsakanin duba marasa lafiya. Yakan ɗauki ɗan tsinke ya taɓa jinin saifar dabbar da ta mutu, ya soka wa ɓera, in ɓeran ya mutu ya ɗebi nasa jinin ya soka wa wani, haka har ɓeraye da dama, kuma kowane ya buɗe sai ya tarar da 'yan sandunan nan. Daga nan ya rene su a cikin ruwan idon sa, yana kallonsu suna tsawo suna rarrabuwa, har ya ga sa'ad da abinci ya ƙare musu sukan dunƙule su zama waɗansu 'yan ƙwayoyi masu tauri, kamar iri, waɗanda fari da zafin rana ba su kashe su. Wannan iri shi ke kwanciya a cikin ƙasa shekara da shekaru, sai dabba ta ci shi da ciyawa ya farka. A 1876 ya ɗauki kayansa ya tafi Breslau wurin Ferdinand Cohn, babban masanin tsirrai, ya nuna masa. Cohn ya gamsu, ya buga aikin a mujallarsa, sunan likitan ƙauye ya fara fita.

Barlin

A 1880 aka kira shi Barlin, aka ba shi aiki a Hukumar Lafiya ta Daular Jamus, tare da mataimaka biyu, Friedrich Loeffler da Georg Gaffky. A nan ya warware wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu bincike tuwo a ƙwarya. A da, a cikin romo ake renon ƙwayoyin cuta, ga shi kuwa romo yakan cakuɗa iri-iri, har a kasa sanin wace ce mai laifi. Koch ya lura cewa in aka shafa su a kan abu mai tauri, alal misali yankan dafaffen dankalin Turawa, kowace ƙwaya takan tsaya inda ta faɗi, ta hayayyafa ta yi nata ɗan tsibi dabam, sai a ɗebe ta ita kaɗai. Daga dankali ya koma daskarar da romon da wani abu mai yauƙi da ake samu daga dafa ƙashi da fata, amma wannan yakan narke in ya ji ɗumi irin na jikin mutum. Matar wani abokin aikinsa, Fanny Hesse, ita ta ba da shawarar a gwada agar, wani abin daskarar da abinci da ake samu daga ciyawar teku, wanda take amfani da shi a madafarta. Har yau da shi ake aiki a ɗakunan bincike na duniya, ko da yake ba kasafai ake tunawa da sunanta ba.

Da waɗannan dabaru ya fuskanci tarin fuka a 1881. A lokacin, cikin kowane mutum bakwai da suka mutu a Turai, ɗaya wannan ciwo ne ajalinsa. Tun a 1865 wani likitan sojan Faransa, Jean-Antoine Villemin, ya nuna ana iya sa wa zomo ciwon daga jikin mutum, amma ba wanda ya ga ƙwayar. Dalili kuwa shi ne, jikinta lulluɓe yake da wani abu mai kama da kakin zuma, wanda ke hana rini kama ta, ƙwayar da ba ta rinu ba kuwa ba ta ganuwa a madubi. Koch ya yi ta gwaji har ya dace da wani shuɗin rini da ya gauraya da ɗan ruwan toka, ya bar naman huhu a ciki kwana guda, sa'an nan ya bi shi da wani rini mai launin ƙasa. Naman ya koma ruwan ƙasa, sai ga waɗansu siraran 'yan sanduna sun fito shuɗi.

Ganinta bai isa hujja ba, sai an rene ta ita kaɗai. Nan ma ta ba shi wuya. Yawancin ƙwayoyin cuta kan cika faranti cikin kwana ɗaya, ita kuwa wannan takan yi awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu. Ya shafa ta a kan ruwan jinin dabba da ya daskarar da wuta, ya ajiye a ɗumi irin na jiki, aka yi mako guda ba a ga kome ba. Wani mai gajen haƙuri da ya zubar ya ce babu. Koch ya jira, sai a mako na biyu waɗansu 'yan ɓawo busassu suka fara bayyana. Ya ɗebi wannan ya sa wa ɓerayen Masar masu lafiya, suka kamu da tarin fuka, ya buɗe su ya sake samun ƙwayar nan. Waɗannan matakai, watau a sami ƙwaya a jikin mai ciwo, a rene ta ita kaɗai, a sa wa lafiyayye ya kamu, su ne aka zo ana kira sharuɗɗan Koch.

Ran 24 ga Maris, 1882, da maraice, ya gabatar da wannan bincike a gaban ƙungiyar masana aikin jiki ta Barlin. Ya jera madubai da faranta a kan tebur, ya bar kowa ya duba da idonsa. Cikin masu sauraro akwai wani saurayin likita, Paul Ehrlich, wanda nan da nan ya koma ya kyautata hanyar rinin. Bayan 'yan shekaru shi kansa Ehrlich ya ga ƙwayar a cikin kakinsa, ya tafi Masar jinya.

Yadda ƙwayar ke yin ɓarna

Ya kamata mu ɗan tsaya a nan mu bayyana wa mai karatu abin da aka fahimta daga wannan bincike da waɗanda suka biyo bayansa. In mai tarin fuka ya yi tari, ko atishawa, ko ma magana, waɗansu 'yan ɗigo ƙanana ƙwarai kan fito daga huhunsa ɗauke da ƙwayar. Manyan sukan faɗi ƙasa, ƙananan kuwa sukan bushe su yi ta shawagi a cikin iskar ɗaki har awoyi, musamman ɗakin da ba taga, ba hasken rana. Wanda ya shaƙe su, sukan wuce maƙogwaro su gangara can ƙarshen huhu. A nan akwai waɗansu dakarun jiki waɗanda aikinsu shi ne haɗiye duk wani baƙon abu su narkar da shi. Sukan haɗiye ƙwayar tarin fuka, amma ba ta narkewa, sai ta mai da cikin mai haɗiyarta gida, ta yi ta haihuwa a ciki.

Da jiki ya ga haka sai ya tara waɗansu dakarun su kewaye wurin, su yi masa ganuwa, ya zama ɗan ƙullutu. Ga yawancin mutane a nan maganar ke tsayawa, mutum ya rayu har ya tsufa bai san yana ɗauke da kome ba, ba ya kuma sa wa kowa. Kimanin mutum 5 zuwa 10 cikin 100 ne ciwon kan tashi musu. Yakan tashi ne in ganuwar ta yi rauni saboda yunwa, ko ciwon sukari, ko shan taba, ko tsufa, ko ƙanjamau a wannan zamani. Sai tsakiyar ƙullutun ta ruɓe ta yi laushi kamar cuku, ta fashe cikin hanyar numfashi, ta bar rami a huhu. Daga nan sai tari mai daɗewa, da zazzaɓin maraice, da gumin dare, da rama, wani lokaci da jini a kaki. Ashe ke nan abin da mutanen da suka ɗauka gado ne, iskar ɗaki ɗaya ce da iyali ke shaƙa tare.

Ba kowace ƙwayar numfashi ke bin wannan hanya ba. Ta mashaƙo, wadda Loeffler ya rene a 1884, a maƙogwaro take zama, ta yi wata fata mai toshe numfashi, sa'an nan ta saki dafi ya bi jini ya taɓa zuciya. A 1890 Emil Behring da Shibasaburo Kitasato, mutumin Japan, suna aiki a ƙarƙashin Koch, suka nuna cewa jinin dabbar da ta jure irin wannan dafi yana ɗauke da makarinsa. Ta tarin fuka kuwa, yawancin ɓarnar daga yaƙin da jiki ke yi da ita ne.

Da aka san hanyar, sai aka san inda za a tare ta. Georg Cornet, almajirin Koch, ya sami ƙwayar a cikin ƙurar ɗakunan marasa lafiya, Carl Flügge kuma ya nuna a ƙarshen shekarun 1890 cewa 'yan ɗigon tari su ma suna ɗauke da ita. Biranen Turai da Amurka suka shiga hana tofar da kaki a titi da cikin jirgin ƙasa. Shi kansa Koch ya yi ta nanata cewa a riƙa sanar da hukuma in an sami mai ciwon, a keɓe waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, a kashe ƙwayar da ke cikin kaki, a kuma gyara gidajen talakawa inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki ɗaya.

Kwalara

A 1883 gwamnati ta tura shi Iskandariyya ta Masar, inda kwalara ta ɓarke. Kafin ya gama aiki annobar ta lafa, sai ya zarce Kalkata ta Indiya. A can, a farkon 1884, ya rene wata ƙwaya mai lanƙwasa kamar waƙafi, ya kuma same ta a cikin wani kududdufi da mutanen unguwa ke sha suna wanki a ciki. Wani Ba'italiye, Filippo Pacini, ya riga shi ganinta tun 1854, amma ba a kula da shi ba. Koch ya komo gida aka tarye shi kamar sarkin yaƙi, aka ba shi kyautar mak 100,000. Da kwalara ta kashe mutum fiye da 8,000 a Hamburg a 1892, garin Altona da ke manne da ita, wanda ke tace ruwansa da yashi, bai sha irin wannan wuya ba, maganarsa a kan ruwan sha ta daɗa tabbata.

Maganin da bai yi magani ba

A watan Agusta na 1890, a babban taron likitocin duniya a Barlin, Koch ya ba da sanarwa cewa ya sami wani abu da ke tsai da tarin fuka a jikin ɓerayen Masar. Bai faɗi abin da aka haɗa shi da shi ba. Da yake Koch ne ya faɗa, ba wanda ya tsaya tambaya. Kafin shekara ta ƙare marasa lafiya da likitoci dubbai sun cika Barlin, masaukai sun zama asibitoci. Aka yi ta yi wa mutane allurar wannan ruwa, wanda daga baya aka sa wa suna tubakulin. Waɗanda aka yi wa sukan yi zazzaɓi mai zafi, aka ɗauka alamar warkewa ce. Ba a daɗe ba aka fara mutuwa. A Janairun 1891 Rudolf Virchow, babban masanin cututtuka, ya buɗe gawawwakin waɗansu da aka yi wa allurar, ya nuna cewa ƙwayar ba ta mutu ba, a waɗansu ma ciwon ya daɗa bazuwa. Dole Koch ya fito ya bayyana cewa ruwan ba kome ba ne illa abin da aka tatso daga jikin ƙwayar kanta. Ya bar Barlin ya tafi Masar har ƙura ta lafa.

A ganina, kuskure a bincike ba abin kunya ba ne, kowane mai bincike yana yi. Abin zargi shi ne ɓoye sirrin, wanda ya hana sauran masana su gwada su gani kafin a kai ga jikin mutane, ga kuma shaidar da masu tarihi suka samu cewa ya sa ran samun dukiya mai yawa daga sayar da shi. Mutumin da ya jira mako biyu a gaban faranti a 1882, shi ne ya kasa jira a 1890. Duk da haka tubakulin bai tashi a banza ba. A 1907 Clemens von Pirquet ya nuna cewa in aka sa ɗan kaɗan a fata, wurin yakan kumbura ga wanda ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa, sai ya zama abin gwaji ga mutane da shanu. Allurar rigakafi ta BCG, wadda ake yi wa jarirai, sai a 1921 aka fara ta a Faransa, magani na sosai kuwa sai da aka gano streptomycin a 1943 da isoniazid a 1952. Yanzu ciwon yana warkewa in an sha magani wata shida ba fashi, amma duk da haka a 2023 mutum fiye da miliyan 10 suka kamu da shi a duniya, fiye da miliyan ɗaya suka mutu, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da ya fi yawa.

Shekarunsa na ƙarshe

A 1891 aka buɗe masa cibiyar binciken cututtuka a Barlin, wadda yau take ɗauke da sunansa. A 1893 ya rabu da Emmy ya auri Hedwig Freiberg, yarinyar da ya girme wa da kusan shekara 30, abin da ya jawo masa surutu a gari. Daga nan yawancin rayuwarsa a tafiye-tafiye ta ƙare. A 1896 ya je Kimberley ta Afirka ta Kudu saboda bushiya, annobar shanun nan da ta riga ta share garkunan Fulani a ƙasashenmu a farkon shekarun 1890. Bai ga ƙwayarta ba, domin ta fi ƙarfin madubin zamaninsa, amma ya fito da wata hanyar rigakafi da ruwan matsarmamar dabbar da ta kamu. Ya kuma yi aiki a kan zazzaɓin cizon sauro a Italiya da Jawa da Sabuwar Gini.

A 1901, a wani taro a Landan, ya sake yin wani kuskuren. Ya ce tarin fukan shanu ba shi da wani haɗari ga mutum, saboda haka ba sai an damu da madara da nama ba. Joseph Lister ya tashi a wurin ya ƙi yarda, gwamnatin Ingila ta kafa kwamiti, bincike ya nuna cewa yara suna kamuwa ta shan madarar da ba a dafa ba. Gaskiyarsa ɗaya, mafi yawan ciwon daga mutum ne zuwa mutum. Amma darajar sunansa ta ba masu ƙin dokar dafa madara abin fakewa.

An ba shi kyautar Nobel a 1905 saboda aikinsa a kan tarin fuka. A 1906 ya tafi tsibiran Sese da ke cikin Tafkin Biktoriya don ciwon barci, ya yi ta yi wa mutanen wurin allurar atoxyl, magani mai guba a ciki. Da ya ga ciwon yana komowa sai ya ƙara yawan maganin, waɗansu suka makance. Ya kuma ba da shawara a tattara masu ciwon a sansani, a raba su da garuruwansu. Waɗannan mutane talakawan mulkin mallaka ne, ba su da bakin ƙi, kuma irin wannan gwaji da wuya a yarda a yi shi a kan Jamusawa a lokacin. Tsofaffin littattafan tarihinsa sukan wuce wannan babi da sauri.

A 1908 ya ziyarci Amurka da Japan, inda Kitasato ya karɓe shi da girmamawa. A watan Afrilu na 1910 ya yi laccarsa ta ƙarshe a Barlin, a kan yaɗuwar tarin fuka, bayan 'yan kwanaki ciwon zuciya ya buge shi. Aka kai shi Baden-Baden don ya huta, ya mutu a can ran 27 ga Mayu, 1910, yana da shekara 66. Bisa wasiyyarsa aka ƙone gawarsa, aka ajiye tokar a wani ɗaki na musamman a cikin cibiyarsa ta Barlin. Kitasato kuma ya gina masa ɗan wurin tunawa a Tokyo, ya ajiye gashin kansa a ciki. Ranar 24 ga Maris, ranar laccar nan ta 1882, ita ce aka keɓe a kowace shekara ta zama ranar tarin fuka ta duniya.